Takardar Koke Kan Ambaliyar Kogin Ogun

Zuwa ga Mai Girma Sarkin Hausawa,
Mile 12, Legas.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu 'yan kasuwa da magidanta mazauna Mile 12, Agiliti da Owode Onirin muna kawo kukanmu gare ka.

Ka san halin da muke shiga daga Satumba zuwa Oktoba, idan madatsar ruwan Oyan da ke kusa da Abekuta ta cika aka saki ruwa. Ba mu zargi kowa da wannan ba, madatsa in ta cika dole a rage mata. Amma ruwan a ɗakunanmu yake kwana. Tun ambaliyar Oktoban 2010, wadda ta sa aka kwashe mutanen Ajegunle zuwa sansanin Agbowa, har yau akwai gidajen da shatin ruwan ke jikin bangonsu. Buhun albasa kuwa, in ya kwana ɗaya a ruwa, sai juji.

Masu kwale-kwale sun daɗe suna faɗa mana kogin yana cikewa. Inda dā gora ke nutsewa gaba ɗaya, yanzu ba ta kai rabi ba take taɓa ƙasa. Dalilin a fili yake: kogin na gangarowa da yashi da laka, da ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan dab da tafkin Legas sai gudunsa ya ragu, ya sauke kayansa. Ƙasan kogi ya taso, ruwan da dā yake wucewa salin-alin sai ya haura gaɓa.

Wasu daga cikin 'ya'yanmu da suka karanci injiniyanci sun nuna mana cewa ana iya kwaikwayon kogi a kwamfuta. Za a auna faɗi da zurfinsa wuri-wuri, a ɗebi yashin a ga girman ƙwayarsa, a saka yawan ruwan da ake saki da tashin ruwan tafki. Manhajar sai ta nuna inda yashi zai taru, da layin da ruwa zai fara ci. Akwai irinta mai suna HEC-RAS, ta injiniyoyin sojan Amurka, kyauta ake sauke ta. Kuɗin yana wajen awo ne.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, ka shige mana gaba zuwa ƙaramar hukumar Kosofe da Ma'aikatar Muhalli da Albarkatun Ruwa ta jiha, a yi wannan awo kafin a kashe kuɗi wajen yashe kogin, don kada a haƙa inda ba nan matsalar take ba. A sa malaman Jami'ar Legas a ciki. Idan taswirar ta fito, a bayyana mana ita da Hausa da Yarbanci.

Mu kuma za mu zagaya da masu awon gida-gida, mu nuna musu shatin kowace shekara, su gwada da abin da kwamfutar ta fitar.

Allah ya ja zamaninka.

Mu ne naka,
'Yan kasuwa da magidantan bakin Kogin Ogun.