Godiya ga masu haɗa lemon da suka nuna mini abin da ke cikin kofi

Assalamu alaikum. Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan wurin haɗa lemo da ke Barnawa a Kaduna, waɗanda suka shayar da baƙinmu ranar dinar bikin 'yata.

Da na so in yi muku godiya ta waya kawai, sai na ga abin da kuka yi mini ya kamata sauran iyaye mata su ji shi, musamman waɗanda biki ke gabansu. Ban kama sunan kowa ba don ban nemi izini ba, amma kun san kanku.

Kafin in zo wurinku raina ya gama ɓaci. Amarya da ƙawayenta sun kafe sai an raba haɗin lemon nan da ake kira Chapman a dina, wai yanzu biki ba ya cika sai da shi. Ban ƙi ba. Tambaya ɗaya ce da ni: me ake zubawa a ciki? A wani wuri aka ce mini sirrin sana'a ne. A wani wurin yarinyar da ke kan tebur ko ɗago kai daga wayarta ba ta yi ba, ta ce, "Hajiya, lemo ne kawai." Wani kuma dariya ya yi, ya ce ai duk manyan garin nan shi suke sha, sannan ya shiga karanto mini farashi. Kuɗina ne, baƙina ne, cikinsu har da malaman Islamiyyar amarya da kakanninta, amma ana kallona kamar na zo neman rigima.

A wurinku wani saurayi na tarar, ɗan Kudancin Kaduna, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Da na yi masa tambayar, sai ya ba ni kujera ya ce, "Mama, bari in kawo miki kayan ki gani da idonki." Ya jera su a gabana: Fanta, Sprite, jan ruwan zaƙin nan da ake kira grenadine wanda asalinsa da rumman ake yi, kokwamba, lemon tsami da lemon zaƙi. A ƙarshe ya ajiye wata 'yar kwalba mai rawayan murfi, takardar jikinta ta yi mata girma. Ya ce, "Wannan ce kike tambaya a kai." Angostura ce sunanta, daga ƙasar Tirinidad ake kawo ta, kuma ita ce ke ba Chapman ɗan ɗacin nan da ƙamshinsa. Ya sa yatsa ya nuna mini rubutun jikinta: kashi 44.7 cikin ɗari barasa ne. Giyar kwalba da ake ta magana a kanta wajen kashi 5 ne kawai. Ya yi mini bayani cewa ɗigo kaɗan ake sawa a kofi, ba ya sa kowa maye, shi ya sa yawancin masu haɗawa ba sa ɗaukarsa a bakin komai. Ya ƙara da cewa a wasu mashaya har giya irin su Campari ko vodka suke ƙarawa idan mai saye bai yi magana ba.

Jikina ya yi sanyi. Yaron nan ba Musulmi ba ne, a wurinsa ɗigon nan ba laifi ba ne, kuma da ya yi shiru ba yadda za a yi in sani. Na ce masa, "Ɗana, me ya sa ka gaya mini?" Ya ce, "Mama, ke za ki sha, ba ni ba." Ba fatawa na zo yi a nan ba, wannan aikin malamai ne. Abin da aka karantar da ni tun ina yarinya shi ne hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma a kansa nake. Wanda ke da wata fahimta sai ya bi tasa. Amma ko wace ce fahimtar mutum, ba zai iya binta ba idan an ɓoye masa abin da ke cikin kofinsa.

Bai tsaya nan ba. Ya ce idan aka cire kwalbar nan kawai, Chapman zai zama ruwan sukari mai kala, ya gundure mutum tun kafin ya kai rabin kofi. Sai ya dafa ɓawon lemon zaƙi da kanumfari da kirfa da 'yar citta, ya tace, ya bari ya huce, ya ɗiga a madadinta. Ya haɗa mini a babban kofin gilas mai mariƙi, ƙanƙara ta cika shi, yankan kokwamba na yawo a sama. Ya ce kada a haɗa tun da rana a ajiye, domin gas ɗin lemon zai fice. Sai baƙo ya zauna a zuba masa. Haka kuwa aka yi ranar dina, kuma ba wanda ya ce wani abu ya ragu a ɗanɗanon.

Shi ne kuma ya wayar mini da kai a kan dogayen kwalaben nan masu takardar gwal a wuya da ake ajiyewa a teburin ango da amarya. Ashe iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa gas, wanda bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma wanda aka fara yin giyar sannan aka zare barasar, irinsa kan bar ɗan saura da zai iya kai wa rabin kashi ɗaya cikin ɗari, ko da an rubuta babu barasa da manyan baƙaƙe a gaba. Ya koya mini in riƙa juya kwalba in karanta ƙananan rubutun baya. Na farkon muka ɗauka.

Sauran aikin ya tafi daidai: kun zo kan lokaci, ma'aikatanku da tsabta, ba a ƙara mini ko kwabo kan abin da muka yi ciniki ba. Zoɓonku dai sai na ambace shi, don ya tuna mini na mahaifiyata: ga yajin citta da kanumfari, ga ƙamshin ɓawon abarba, tsaminsa bai ɓace a cikin sukari ba, har kun ware wanda ba sukari saboda dattawanmu masu ciwon suga. Kunun aya kuwa, da yake ba ya jimirin zafi, a cikin kula mai ƙanƙara kuka riƙe shi har lokacin rabawa, kuna girgiza kowace gora kafin a miƙa.

Wannan ne ya sa nake jin takaicin yadda sana'ar nan ta koma a wurare da yawa. Je ki bikin da kika ga dama, za a miƙo miki zoɓo ja wur, amma filebo ne da kala da sakarin mai barin ɗaci a maƙogwaro. Kunun aya an yi shi tun asuba, wuta ta ɗauke, ya fara tsami, sai a ƙara sukari a rufe. Ƙanƙarar da ake jefa wa mutane a kofi ba wanda ya san da wane ruwa aka yi ta, gorunan kuma tsintattu ne da aka ɗauraye sama-sama. Washegari yara su kwana suna gudawa, a ce ai shinkafar biki ce. Idan kika yi tambaya ki zama mai tsegumi. Kayan da aka yi a masana'anta ko ba komai suna da lambar NAFDAC da jerin abin da ke ciki. Wanda aka haɗa a bayan ɗakin taro kuwa ba ki da madogara sai amanar mai haɗawa, ita kuma ta yi ƙaranci.

Roƙona gare ku ɗaya ne. Bayanin da yaron nan ya yi mini da baki, ku rubuta shi a takardar farashinku da Hausa, kowane lemo da abin da ke cikinsa, domin ba kullum zai kasance a shago ba, kuma ba kowace uwa ce za ta iya naci irin nawa ba. Ku kuma duba shi da idon rahama wajen albashi.

Allah Ya ƙara kasuwa, Ya sa albarka a sana'arku.

Taku,
Uwar amarya, daga Unguwar Rimi, Kaduna