Labarin Illuminati ya yi daɗi, amma shekarunsa ba su haɗu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan wani ƙagaggen labari da ya hana ni barci dare uku a jere, wato Angels & Demons na Dan Brown, marubucin Amurka, wanda ya fito a 2000.

An kashe wani masanin kimiyya a cibiyar bincike ta CERN, an ɗora masa ƙarfe mai zafi a ƙirji ɗauke da sunan Illuminati, wata ƙungiyar asiri, sai aka nemo Farfesa Robert Langdon, masanin alamomi, ya warware ƙullin. Daga nan labarin ya koma birnin Rum, inda aka sace manyan limaman cocin Katolika huɗu, ana kashe ɗaya a kowace sa'a, kowanne da tambarinsa: ƙasa, iska, wuta da ruwa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da malaman hisabi ya san waɗannan huɗun, shi ya sa ban ji baƙunta ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka zana kalmomin tambarin ta yadda ko an juya shafin sama ta koma ƙasa, karatun bai canzawa; sai da na juya littafin da hannuna kafin na gaskata.

Sai dai, ya Edita, daɗin labari bai mayar da shi tarihi. Marubucin ya sanya Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, cikin 'yan ƙungiyar, alhali Galileo ya rasu a 1642, ita kuwa Illuminati sai ranar 1 ga Mayu, 1776 wani malamin shari'a, Adam Weishaupt, ya kafa ta a Ingolstadt da ke Bavariya, a ƙasar Jamus ta yau, shekara 134 ke nan tsakani. Ba ta ma cika shekara goma ba mai mulkin Bavariya, Karl Theodor, ya haramta ta da dokokin 1784 da 1785. Ita ma dalar nan irin ta Masar mai ido ɗaya da ke bayan takardar kuɗi ta dala ɗaya ta Amurka, wadda littafin ya danganta da ƙungiyar, daga hatimin ƙasar na 1782 ta fito, kuma 1776 da ke gindinta shekarar ayyana 'yancin Amurka ce.

Na kawo wannan ne domin matasanmu da yawa, da zarar mawaƙi ya rufe ido ɗaya a hoto, sun yanke masa hukuncin shiga ƙungiyar asiri, kuma hujjojin da suke yaɗawa a Facebook na tarar da wasunsu a bakin Langdon, mutumin da bai taɓa rayuwa ba. Na ba ƙanena aron littafin, tare da sharaɗin ya riƙa duba shekarun da kansa.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya