Godiya ga Gidan Gwanjon da Ya Karanta Mana Lofen Baba

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan sashen tsofaffin kaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Da Hausa nake rubuta wannan takarda don 'yan'uwana da ke Zariya su karanta da idonsu, haka ma Hausawan da ke zaune a nan Ingila. 'Yata ta ce za ta juya muku ita zuwa Turanci, idan ta rage wani abu ku nemi bayani a wurinta.

Bayan rasuwar mahaifinmu, da aka zauna lissafin gado, an samu wani ƙaramin akwatin katako a ƙasan durowarsa. A ciki akwai lofe guda shida, kowanne an naɗe shi da tsohon hankici. Baba ya yi karatu a Landan tun kafin samun 'yancin kai, a can ya koyi shan lofe, ya kuma daina bayan ya dawo daga aikin Hajji. Gida da gona kowa ya san yadda ake yi musu kuɗi, amma wannan akwati babu wanda ya san ta inda zai fara. Yayanmu ya ce: "Kai da kake ƙasarsu, mayar da su inda suka fito, ka jiyo mana." Kayan magada ne, har da marayun ƙanenmu a ciki, don haka ko fam ɗaya ban isa in yi sakaci da shi ba.

Wani mai tebur a kasuwar tsofaffin kaya ya taya duka shidan fam 50, yana ta cewa kayan hayaƙi sun daina tafiya. Saurin da ya yi wajen zaro kuɗi ne ya sa na ce albarka. Na koma gida da niyyar in wanke su, in bi su da samfefa su yi ƙyalli, wai don su ƙara daraja. Allah ya taimake ni na fara bugo muku waya. Wadda ta ɗauka ba ta bari na gama magana ba, ta ce kada in taɓa su ko da ruwa, in kawo su yadda suke ranar Talata.

Dattijuwar da ta karɓe ni ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera su, ta ɗauko gilashin ƙara girma. Wanda ta fara ɗagawa shi ne mai ɗan farin ɗigo a bakinsa. Ta ce wannan ɗigo alamar Dunhill ce, kamfanin da Alfred Dunhill ya buɗe wa shago a titin Duke da ke Landan a 1907, ya fara ƙera lofe a 1910, aka soma sa ɗigon a 1912. Sai ta miƙo mini gilashin, ta nuna mini wani rubutu a wuyan lofen wanda da ido kawai ban taɓa lura da shi ba: MADE IN ENGLAND, sannan lamba 7 'yar mitsitsiya a gefen harafin ƙarshe.

A kan wannan 7 muka fi daɗewa. Ta ce a wancan zamanin kamfanin yana ba da garanti na shekara ɗaya a kan itacen lofe, shi ya sa suke buga lambar shekara don kada a kawo musu tsoho a ce sabo ne. Abin da aka yi don maganin masu wayo shi ne yau ya zama kalandar masu tara lofe. In da akwai lambar rajistar ƙira a jiki, da an san bai wuce 1954 ba, domin daga 1955 aka daina buga ta. Namu babu. Saura tambaya ɗaya: 1957 ne ko 1967? Idan lambar ta yi tsayi daidai da harafin D na ENGLAND, to shekarun 1960 ne. Idan ta fi shi ƙanƙanta kuma ta ɗan ɗaga sama, shekarun 1950 ne. Tamu ƙarama ce, a sama take.

Mu a gida mun taso da labarin cewa Baba ya saye shi ne a zuwansa na biyu, lokacin yana babban ma'aikaci. Ashe tun yana ɗalibi ne, yana lallaɓa ɗan alawus. Ta yi mini gyara a nan ma, ta ce lambar shekarar ƙira take faɗa, lofe yana iya kwana a shago kafin a saye shi. Duk da haka na zauna shiru na ɗan lokaci ina tunanin saurayin da ya hana cikinsa don ya mallaki wannan abu. Ba ta katse ni ba. Da na dawo hayyacina ta ce samfefar da na so sawa, minti biyu ya ishe ta ta shafe lambar, rabin darajar ta bi ta.

Na biyu ƙirar kamfanin Peterson ne na Dablin, babban birnin ƙasar Ailan, mai zoben azurfa a wuya. An buga masa MADE IN EIRE, wato sunan Ailan a harshensu, wanda suka yi amfani da shi daga wajen 1938 zuwa cikin shekarun 1940, kafin daga baya su koma rubuta sunan Jamhuriyar Ailan. A jikin azurfar akwai hatimi uku na ofishin tantance azurfa: mace a zaune, garayarsu mai kambi, da harafi guda da ke nuna shekara. Ya girmi zuwan Baba ƙasar nan, ke nan ko na hannu ya saya ko kyauta aka yi masa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na uku. Shi ma da farin ɗigo, har na fara lissafin Dunhill biyu a zuciyata. Ta juya shi, ta cire bakin, ta mayar, ta ce a'a. Itacen babu hatimin kamfanin ko ɗaya, bakin kuma bai zauna daidai da wuyan ba, wani mai gyara ne ya aro shi daga wani lofen. Da kun yi shiru kun sa shi a littafin gwanjo da babban suna, la'adarku ce za ta ƙaru, ni kuma ban san komai ba balle in yi gardama. Kuka rubuta shi yadda yake. Na huɗu da na biyar ta ce na yau da kullum ne, ɗaya ma wuta ta cinye gefen ƙoƙonsa, aka haɗa su ƙulli ɗaya.

Na ƙarshe fari ne da ya rine zuwa launin zuma, na wani dutse mai laushi da ake haƙowa a Eskishehir ta ƙasar Turkiyya. Hayaƙin shekaru ne ya ba shi launin. Yana da tsaga a wuya, kuma ta faɗa mini gaskiya cewa abin da za a taya ba zai kai abin da yake a wurinmu ba. Ta ba da shawarar a bar shi a gida.

Wajen sa farashi ma ba a yi mini rufa-rufa ba. Ta lissafa abin da masu saye ke dubawa: hatimi ya fito sarai, bakin na asali ne, haƙori bai huda shi ba, ba a goge itacen har ya rame ba, sannan ko akwatinsa na kamfani yana nan. Bakin Dunhill ɗinmu ya koɗe ya yi kore-kore, ta ce halin irin wannan baƙar roba ne idan ta sha iska da haske, kuma masu tarawa sun fi son su gyara da hannunsu. Wanda ba a taɓa kunna wa wuta ba shi ya fi tsada, namu kuwa Baba ya more shi. Aka rubuta mini ƙiyasi na ƙasa da na sama, da farashin da ba za a sallama ƙasa da shi ba, da la'adar da za ku cire, duk kafin in sa hannu.

Ranar gwanjon na zauna a kujerar baya. Mutum biyu a zaure da wani ta intanet suka yi ta ɗaga wa juna a kan Dunhill ɗin, har ya haura ƙiyasin sama kafin a buga guduma. Adadin ba zan faɗa a nan ba, sirrin magada ne, amma mai teburin nan da ya ji da ya sunkuyar da kai. Takardar da kuka ba ni, mai hoton kowane lofe da abin da aka saye shi da abin da aka cire, ita na aika wa malamin da ya raba mana gado. Ya karanta a gaban kowa, ba wanda ya ce uffan.

Farin lofen magada sun yarda a bar wa Hajiya, yana cikin kabad ɗinta tare da tasbahar Baba. Ku miƙa gaisuwata ta musamman ga dattijuwar nan da yarinyar da ta ɗauki wayata. Allah ya ƙara wa gidanku albarka da kasuwa. Ƙanwata ta bugo jiya, wai ta tsinci gwangwanin taba guda biyu a cikin littattafansa, ba a taɓa buɗe su ba. Na ce kada ta goge ko ƙurar da ke kai.

Naku da godiya,
Ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayin