Ina zan ajiye gadon marayuna har su girma?

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki. Na daɗe ina sauraron shirinki, shi ya sa da lamarin nan ya sha mini kai na ce ke zan rubuto wa.

Allah ya yi wa maigidana rasuwa bara, ya bar ni da yara biyu, mace mai shekara 6 da namiji mai shekara 3. Bayan na fita takaba aka raba gado. Rabon yaran ya kama naira miliyan 6: miliyan 4 na namijin, miliyan 2 na macen. Dangi suka zauna a gaban malamin da ya yi rabon, aka amince kuɗin su zauna a hannuna, baffansu kuma ya riƙa sa ido. Ni malamar firamare ce, ina kuma ɗan taɓa ɗinki, ci da sha da kuɗin makarantarsu ba su gagare ni ba, alhamdu lillahi. Burina kada a taɓa ko kwabo sai sun kai shiga jami'a. Ke nan ajiya ce ta shekara 12 zuwa 15.

Abin da ke hana ni barci shi ne naira. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mu da ke zuwa cefane ba sai an karanta mana ba. Kuɗin da aka bari kwance narkewa suke yi kamar gishiri a damina. Idan na miƙa wa ɗana miliyan 4 ɗinsa cif ranar da ya girma, alhali ba za su yi masa rabin abin da za su yi yau ba, shin na riƙe amana kuwa?

Maganar kuɗin ruwa ban ma saurare ta ba, ba zan cakuɗa dukiyar marayu da riba ba. Don haka na nufi ɗaya daga cikin bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, tunda yanzu mun samu irinsu Jaiz da ya fara a 2012, da TAJ, da Lotus. Ma'aikaciyar da na samu ta karɓe ni da mutunci. Ta ce in kawo takardar haihuwar kowane yaro, da hotunansu, da BVN da NIN ɗina, a buɗe wa kowa nasa asusun, ni ce mai sa hannu har su cika shekara 18. Ta yi mini bayanin mudaraba: bankin zai juya kuɗin a raba abin da aka samu, amma ba za a yanke mini adadi tun farko ba, kuma idan an faɗi ba da sakacin banki ba, mai dukiya ne ke ɗaukar asarar. Na ce ta nuna mini abin da suka raba wa masu ajiya a shekarar da ta wuce. Da ta rubuta mini a bayan fom, na ga bai kama ƙafar tsadar kaya ba.

Abu ɗaya ya kwantar mini da hankali. Tun 2024 NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya idan banki ya rushe, ta ɗaga inshorar ajiya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya a banki guda. Na tuna yadda aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024. Idan na haɗa miliyan 6 a sunana, miliyan 1 ta fita daga inshora. Idan kowane yaro da asusunsa, ina zaton duka sun shiga, amma ina so ki tabbatar mini.

A gida kuwa kowa da tasa. Baffansu, wanda ban taɓa ganin mugun nufi a tare da shi ba, ya ce a sayi fili a bayan gari, ƙasa ba ta ruɓewa. Kuɗin namu filin awon igiya kawai za su saya, kuma na ga maƙwabciyarmu tana zaryar kotu a kan filin da aka sayar wa mutum biyu. Ya kuma kawo shawarar sayen hatsi a Dawanau da kaka a sayar da bazara, sai ga shi a 2025 farashin masara ya faɗi, masu ajiya da dama suka tafka asara.

Mahaifiyata gwal ta sani. Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini 'yan kunnen da ta saya tun kafin a yi mini aure, muka kai wa mai gwal ya ɗora a ɗan sikelinsa, ya goga a dutse, ya cire kuɗin aiki, duk da haka abin da ya faɗa ya ninka kuɗin sayensu sau da yawa. Hujjarta ta shige ni ƙwarai. To amma a ina macen da ke zaune ita kaɗai da ƙananan yara za ta ɓoye gwal na miliyoyi shekara 15? Kuma ranar da wata lalura ta taso a dangi, abin da ke cikin ɗaki shi ake fara tunawa.

Wata abokiyar aikina ce ta kawo maganar sukuk na gwamnatin tarayya, wato zuba jarin da ba ruwa a cikinsa, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Ana shiga da naira 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara, wancan na farko kuma wa'adinsa shekara 7 ne. Ya fi kwanta mini, sai dai ba kullum ake buɗe shi ba, kuma shi ma naira ce za a mayar mini. Idan na samu mai shekara 7, ɗana yana shekara 10 za a dawo da uwar kuɗin, in sake shiga neman wurin ajiya.

Malamin da ya raba gadon ya karanta mini maganar Sayyidina Umar da ke cikin Muwaɗɗa, cewa a juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta. Ya ce ko da rabonsu bai kai nisabi ba, shari'a ba ta son a bar dukiyarsu kwance. Wannan ya ƙara mini nauyi, don yanzu barin kuɗin ma ba tsira ba ne.

Hajiya, don Allah ki taimaka mini, ko ki gayyato masani a shirin. Ana iya sayen sukuk da sunan ƙaramin yaro, ko dole sai da nawa? Idan da nawa ne, wace takarda zan rubuta, a gaban wa, don idan ta Allah ta kasance a kaina kada a lissafa shi cikin gadona? Kuɗin hayar da za a riƙa biya duk wata shida, in tara su a asusun yaran ko in riƙa mayar da su gwal kaɗan-kaɗan? Sannan ta wace hanya zan shaida wa baffansu ban karɓi shawarar fili ba, ba tare da zumunci ya taɓu ba? Yaran nan suna buƙatar dangin ubansu, ba na son kuɗi su shiga tsakani.

Ina roƙon a sakaya sunana. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Taki,
Maman marayu, daga Kano