Mai 2:2 ya karanta sharuɗɗan kafin ya haƙura

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da ƙannena masu son tallafin karatun digiri na biyu, waɗanda sakamakonsu ya kashe musu gwiwa.

Da 2:2 na fita jami'a, wato sakamakon digiri mai daraja ta biyu a matakin ƙasa, wanda ke ƙasa da 2:1. Ina aji biyu mahaifina ya kwanta ciwo, na yi wata biyar ina jinyarsa, na faɗi kwasa-kwasai uku, jimillar makina kuma ba ta sake miƙewa sosai ba. Duk wanda na tunkara da zancen tallafi sai ya ce kada in wahalar da kaina. Shekara huɗu ina riƙe da maganarsu, ban taɓa buɗe sharuɗɗan da idona ba, abin yana ci mini rai har yau.

Tallafin Commonwealth na Birtaniya 2:1 yake nema, amma ya rubuta ƙarara cewa mai 2:2 zai iya nema idan ya ƙara karatun gaba da digiri a fannin da ya dace. Chevening kuwa, tallafin gwamnatin Birtaniya da aka kafa a 1983, yana son gogewar aiki ta awa 2,800, kimanin shekara biyu, da maƙalu huɗu: jagoranci, hulɗa da jama'a, zaɓin kwas, da shirin mutum in ya dawo. Gaskiya ne yawancin jami'o'in can 2:1 suke so, sai dai akwai kwasa-kwasan da ke karɓar 2:2 idan aikin mutum ya yi nauyi. Roƙona ga malamai da yayye, in yaro ya zo muku, ku zauna ku duba masa sharuɗɗan tukuna.

Bara na nemi wani tallafin, ban samu ba. Da na sake karanta maƙalata sai na ga rabinta ban haƙuri ne kan maki. Bana jimla biyu kacal na ba wa jinyar, sauran na cika da aikina na shekara biyar a ɗakin gwajin ruwan sha. Malamin da ya duba bincikena na kammala digiri ya rubuta mini wasiƙar shaida, ya nuna yadda makina ya tashi a aji uku da huɗu.

An kira ni ganawa wata mai zuwa. A sa ni a addu'a.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku