Amsa ga Baba Saje: shin kwas ɗin hana kashe kai yana ceton soja?

Assalamu alaikum Baba Saje, ranka ya daɗe.

Ranar da ka bugo waya cikin shirinmu na lafiya a rediyo, saura minti biyu a rufe, sai na ba ka amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba. Ka ce ɗanka yana bakin daga, an tara su an yi musu kwas na yini ɗaya kan yadda za su gane abokin aikin da ke shirin kashe kansa, an ba kowa satifiket. Ka ce a zamaninku babu wannan, sannan ka jefo tambaya: "Malam, wannan abu yana aiki, ko kuwa cin kuɗin kwangila ne kawai?" Na ce maka yana taimakawa. Ba ƙarya na yi ba, amma rabin magana na faɗa, ga ragowar.

Na taɓa zama a ɗakin da ake irin wannan horo. Aka haɗa mutane bibbiyu, ɗaya ya zama mai damuwa, ɗaya mai tambaya. Abin da ake so ƙalilan ne, ka dubi idon ɗan'uwanka ka ce, "Kana tunanin kashe kanka?" Wani ƙato mai tabon wuta a damtse, wanda daga gani ya sha gwagwarmaya, ya buɗe baki sau uku yana rufewa. Da ƙyar ya ce, "Ba dai wani mugun tunani kake yi ba ko?" Malamar ta ce ya sake, domin tambayarsa ta riga ta gaya wa mutumin amsar da ake so ya bayar. Sai a karo na biyar kalmar ta fito, gumi na zuba. To wannan kam horo yana koyar da shi, kuma bincike ya nuna tambayar kai tsaye ba ta cusa wa mutum tunanin da babu shi a ransa.

Da aka tashi sai aka raba takarda: daga 1 zuwa 5, yaya ƙarfin gwiwarka yanzu? Ƙamshin shinkafa na shigowa ta taga, kowa ya zagaye 5 ya miƙa. Baba, yawancin abin da ake kira auna nasarar irin wannan kwas ke nan. An auna abin da mutum ya tuna da yadda yake ji ranar da aka gama, ba a auna ko bayan wata shida ya yi tambayar ba, balle a san ko an rage gawa.

A nan gizo ke saƙar, domin ƙirga gawar ma ba ta ba da amsa cikin sauƙi. A 2022 sojojin Amurka da ke bakin aiki sun kashe kansu da kimanin 25 cikin kowane 100,000. Ka ɗauki bataliya mai mutum 800. A wannan lissafi, mutum ɗaya za ta rasa cikin shekara biyar. Saboda haka idan kwamanda ya bugi ƙirji ya ce tun da aka yi kwas bara ba wanda ya mutu, bai faɗi komai ba. Ko ba a yi kwas ɗin ba, haka aka fi zaton shekarar za ta wuce. Sai an bi dubban ɗaruruwan mutane shekara da shekaru kafin a ga bambanci.

Rundunar sojin saman Amurka ta yi hakan. A 1996 ta fito da shiri mai rassa 11, kuma a 2003 Kerry Knox da abokan aikinta suka buga sakamako a mujallar likitoci ta BMJ: daga 1997 zuwa 2002 kashe kai ya ragu da kashi 33 cikin 100 idan aka gwada da 1990 zuwa 1996. Masu tallan kwas suna son wannan adadi ƙwarai. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne horo wani ɓangare ne kawai cikin rassa goma sha ɗayan. Akwai wasiƙun manyan hafsoshi da ke cewa neman taimako ba ragwantaka ba ce. Akwai kariyar sirri ga wanda ya je wajen likitan ƙwaƙwalwa. Akwai wata doka da ta fi burge ni: duk sojan da ake tuhuma, da an gama yi masa tambayoyi ba a sakinsa shi kaɗai, sai an damƙa shi hannun kwamandansa ko sajensa, domin an lura wannan sa'a ce mafi haɗari. Kai da ka yi saje ka san fuskar yaron da ya fito daga ofishin bincike. Kuma ko wannan sakamako yana da inda aka soke shi, tunda babu wata runduna a gefe da aka bari ba shiri don a gwada, ga shi a shekarun nan kashe kai yana raguwa a Amurka baki ɗaya. Da aka sake dubawa a 2010, an ga adadin ya yi tsalle a 2004, daidai lokacin da aka yi sanyi wajen aiwatar da shirin. Zuwa 2019 abin ya yi munin da rundunar ta umarci a tsayar da aiki na yini guda don a zauna a tattauna.

Sojin ƙasansu ma suna da nasu mai matakai uku: tambaya, kulawa, rakiya zuwa wajen taimako. An yi ta koyar da shi, amma a 2012 waɗanda suka kashe kansu a sojojin Amurka sun fi waɗanda aka kashe a fagen daga a Afganistan yawa. Kwamitin da sakataren tsaron Amurka na lokacin, Lloyd Austin, ya kafa ya kawo shawarwari 127 a 2023, kuma bai raga wa horon shekara-shekara da ake yi don cika takarda ba.

To me aka gwada ya tsaya da ƙafarsa? A 2006 rundunar Isra'ila ta hana sojoji tafiya gida da bindiga a hutun ƙarshen mako. Kashe kai ya ragu da kashi 40 cikin 100, kuma raguwar daga ranakun hutun ta fito. Ba lacca, ba satifiket. Dalilin a fili yake, wannan tunani yakan zo kamar guguwa ya wuce, in makami ba ya kusa a wannan lokaci mutum yakan wayi gari. A barikin Fort Carson na Amurka kuma an raba sojoji 152 masu wannan larura kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka yi wa gajeriyar jinya ta zama da ƙwararre, yunƙurinsu ya yi ƙasa da na sauran da kusan kashi 60 cikin 100 a tsawon shekara biyu.

Ga hukuncina, Baba. Kwas ɗin yana buɗe baki, wannan kawai, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma in ɗanka ya yi tambayar, abokin ya ce e, sai ina? In babu likita a kusa, in babu wanda zai karɓi makamin ya ajiye cikin mutunci, in gobe labarin zai cika bariki a hana yaro ƙarin girma, to an koya wa ɗanka buga ƙofar ɗakin da ba kowa ciki.

A wajenmu kuma akwai ƙarin ƙulli. Sashe na 231 na Penal Code da ake aiki da shi a Arewa, da sashe na 327 na Criminal Code a Kudu, sun sa yunƙurin kashe kai laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara ɗaya. Gana ta soke irin wannan doka a 2023. Wa zai kai rahoton abokinsa alhali yana tsoron ɗauri zai ja masa? Abin da ake ɓoyewa kuwa ba ya ƙirguwa. Na ji kana cewa ai haramun ne, kuma ban musa ba. Sai dai mai wannan hali mara lafiya ne, kuma sau da yawa limamin bariki ne farkon wanda zai ji, don haka da ni ne mai shirya kwas, da shi zan fara zaunarwa a sahun gaba.

Ka ce yakan kira ka ranar Juma'a in akwai sabis. Kada ka tambaye shi ko kwas ya yi daɗi. Tambaye shi sunan wanda zai kai mutum wajensa da ƙarfe biyun dare, da ko lambar na cikin wayarsa. In ka ji ya yi shiru ya daɗe, ko ya ce barci ya ƙaurace masa kwana biyu, to shi ma ka yi masa waccan tambayar, da kalmominta yadda suke.

A gaida Mama da mutanen gida.

Ɗanka na gidan rediyo.