Wasiƙar godiya ga masu tsara ɗakin girki na kusa da kasuwar Katako

Assalamu alaikum Maigida, da kai da dukkan ma'aikatan atiliyenka, da yaran da ke koyon aiki a hannunka.

Mu masu gyaran famfo ne da masu haɗa wuta da masu sa karo, wato tayil, a nan Yamai. Mu ake kira idan ɗakin girki ya fara yoyo, ko karo ya tashi, ko bango ya fara jan mutum da wuta. Don haka mun san madafar da aka yi tunani kafin a gina ta, mun kuma san wadda aka kwafo daga hoton Facebook aka ce wa magini ya yi irinta. Gidajen da atiliyenku ya tsara, daga Bukoki zuwa Lazare har ƙetaren gulbi, ba safai ake kiranmu gyara cikinsu ba. Mun ga ya dace mu gode muku a fili, mu kuma faɗi dalili yadda masu shirin gini za su amfana.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba ku fara zane sai kun zauna da mai girkin. Kuna tambayar uwargida mutum nawa ake dafa wa, sau nawa ake tuƙa tuwo a mako, ana daka a gida ko injin niƙa ake kaiwa, wace tukunya ce mafi girma. Sannan ku auna ta ita kanta: daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, ku rage santimita 10 zuwa 15, abin da ya saura shi ne tsayin dakalin aiki. Ga yawancin mata yakan faɗa tsakanin santimita 85 da 90, faɗinsa 60. Amma ba ku bar dakalin daidai wa daida daga farko har ƙarshe ba, nan ne gwanintarku ta fito. Reshon gaz da ake ɗorawa bisa dakali yana da nasa tsayi, santimita 10 ko fiye, ga tukunya a kansa. Idan dakalin 90 ne, bakin tukunya ya kai ƙirji, mace ta koma tuƙa tuwo da kafaɗa a ɗage, ba ƙarfi, ga tururi a fuska. Ku kukan sauke wurin resho zuwa wajen 70, ku kuma yi wani ɗan gajeren dakali na santimita 40 zuwa 45 a gefe domin babbar tukunyar tuwo, inda za a riƙe muciya da hannu biyu a danna da nauyin jiki. Wanda bai taɓa tsayawa ya ga ana tuƙi ba zai ce an ɓata kyan layi. Hajiyoyin da ke girki a ciki ba su faɗi haka ba.

Haka kuma wurin tafiya. Tsakanin dakali da dakali kuna barin mita 1 da santimita 20 in wuri ya yarda, ba kwa yarda ya gaza mita 1, saboda a gidajenmu da wuya mutum ɗaya ke girki, akwai ƴa ko ƙanwa ko ƴar aiki da za ta wuce da tukunya mai zafi. Bahon wanke-wanke da resho da firigo kuna jera su yadda zagayen ukun ba zai wuce mita 7 ko 8 ba, da filin yanka na aƙalla santimita 80 tsakanin baho da wuta. Ƙofa kuma tana buɗewa inda ba za ta bugi mai tsaye gaban wuta ba.

Ba ku taɓa yaudarar mai gida cewa madafar ciki ita kaɗai za ta isa ba. Ranar suna ko salla ko azumi, itace da gawayi za su fito ko an so ko ba a so. Shi ya sa kuke haɗa ta da rumfar waje mai ƙofa kai tsaye, da famfonta, da wurin murhu. Gawayi a ɗaki rufe yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma kuna faɗa wa mutane haka ba tare da kwana-kwana ba. Wurin turmi kuna barin daɓen siminti mai kauri ba karo, domin taɓarya ba ta barin karo da rai, komai tsadarsa.

Mu masu famfo godiyarmu ta fi yawa, don a nan ne ake yawan cutar masu gida ba su sani ba. Ruwan wanke-wankenmu yana ɗauke da mai, da ƙanzon tuwo, da rairayin da aka rege daga shinkafa da hatsi. Tuyo mai milimita 32 da wasu ke sa wa baho ba ya ɗaukar wannan, cikin ƴan watanni ya toshe. Ku kuna rubuta milimita 50 a takarda, da gangare na santimita 2 a kowace mita. In gangaren ya gaza, ruwa ya kwanta, mai ya daskare a jikin tuyo. In ya yi yawa ƙwarai, ruwa ya gudu ya bar dattin a baya. Ƙarƙashin baho kuna sa sifon, wato lanƙwasar nan mai riƙe ɗan ruwa, ita ke hana wari da kyankyasai hawowa, kuma kuna barin wurin da hannu zai shiga ya kwance ta. A waje, dab da bango, akwai ɗan rami mai marfi inda mai da rairayi ke taruwa kafin ruwa ya wuce, a buɗe a kwashe lokaci-lokaci. Kuna sa makullin ruwa na madafa daban, don kada a kashe ruwan gida duka saboda kan famfo ɗaya. Kuma tunda akwai unguwannin da ruwa ke yankewa lokacin zafi, kuna ware gurbin tano ko bido huɗu masu lita 25 kusa da baho, ba a bar su a hanya ana tuntuɓe ba.

Daɓen ƙasa kuna karkata shi santimita 1 a mita zuwa magudana, saboda matanmu da bokiti da tsintsiya suke wanke madafa. Wannan ɗabi'ar ce ke kashe ma'ajin ƙasa da ake shigowa da su daga waje, waɗanda aka yi da garin katako da aka matse: da ruwa ya taɓa gindinsu sai su kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, sukurori su saki. Ku kuna gina gindi na siminti santimita 10, a ɗan shigar da shi ciki don yatsun ƙafa su samu wuri, a ɗora ma'aji a kai. Ƙarƙashin baho ƙofofin alminiyom kuke sawa. Inda aka yi da katako, kwantarpalake ne, wato allon katako mai hawa-hawa, mai milimita 15 ko 18, an shafe shi da maganin gara gaba da baya har bakin da aka yanka, kuma ba ya manne da bango. Gara ta Yamai ta bayan ma'aji take shiga, ta cinye ciki ta bar fenti tsaye, sai ranar da kantar ma'ajin ta zube da kwanoni a gane.

Shi kansa dakalin na kankare ne mai kaurin santimita 7, da ƙarfe mai milimita 8 a saƙe kowane santimita 15, kwaɓin buhun siminti ɗaya da baro ɗaya na rairayi da biyu na tsakuwa. Ko simintin Malbaza ne ko wani, ba kwa barin a sa karo sai an shayar da shi ruwa kwana 7. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kankaren da ba a shayar ba yana bushewa kafin ya yi ƙarfi, ya tsage, tsagar ta biyo har saman karo. Masu gida kan yi gaggawa, amarya na jiran tarewa, amma yaranka ba sa cire katakon tallafi kafin lokaci. Mun yaba da wannan taurin kai.

Zancen gaz kuwa, Maigida, ladan wannan sai Allah. Tun da matatar SORAZ ta Zinder ta fara aiki a 2011 gaz ya yawaita a gidaje, amma ilimin ajiye shi bai bi shi ba. Gaz ɗin butel ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ya taru a cikin ma'aji rufe ko ya gangara magudana, taga ta sama ba ta fitar da shi. Mutane da yawa suna ɓoye butel a ma'ajin ƙarƙashin resho don kada ya ɓata ado, su rufe ƙofa ruf. Ku kuna gina masa ɗan gurbi a bayan bango, cikin inuwa, da ƙofar ƙarfe mai ramuka sama da ƙasa, wanda zai ɗauki babban butel a tsaye da na ajiya mai kilo 6, a ratsa bango da tuyon jan ƙarfe. In wuri bai ba da haka ba, kuna huda ƙasan bango ku sa raga, ku nisanta butel da magudana. Robar gaz ba ta wuce mita 1 da rabi, ba ta bi ta bayan wuta, kuma kuna nuna wa uwargida shekarar da aka buga a jikinta don ta san lokacin canji. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ne, kumfa ta nuna wurin. Ashana ba abin gwaji ba ce. In an ji wari a rufe kan butel, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin fitila.

Masu wuta a cikinmu sun ce a rubuta cewa takardarku ce ke zuwa da wuraren jona wuta a ƙidaye tun kafin a yi yaɓe. Huɗu zuwa shida bisa dakali, santimita 15 zuwa 20 sama da shi, babu wanda ya kusanci baho da ƙasa da santimita 60, babu wanda ke saman resho. Waya mai milimita murabba'i 2.5, da wayar ƙasa ta gaske wadda aka kai ga sandar da aka binne, da makatsin wuta mai miliamfa 30 da ke yanke wuta da zarar ta fara bin jikin mutum. A ɗakin da ake aiki da jiƙaƙƙen hannu, sau da yawa ba takalmi, wutar volt 220 ba ta yafiya. Firigo yana da layinsa shi kaɗai. Inda ba a yi haka ba, za ka tarar da doguwar waya ɗaya mai baki biyar ɗauke da butar lantarki da injin markaɗe da firigo, ta yi zafi har ta narke.

Firigon ma kun san inda ya dace da shi: nesa da resho, ba a bangon yamma da rana ke gasawa tun azahar ba, da tazarar santimita 10 a baya da sama don zafinsa ya fita. Kuna ba masu saye shawara su duba takardar da ke jikinsa su nemi harafin T, wanda aka yi don zafin da ya kai digiri 43. Mai harafin N iyakarsa 32, a Yamai injinsa ba zai huta ba.

Iska da ƙura kun ba su haƙƙinsu. Hadarin damina daga gabas yake tasowa da guguwa, ƙurar hunturu daga arewa maso gabas, don haka tagar da ke wannan gefe kuna yi mata ƴar rumfa da raga da gilashi mai rufuwa sosai. Taga biyu masu fuskantar juna sun fi babba ɗaya. Fankar zuƙe hayaƙi tana can sama kusa da resho, fankar rufi kuma ba a saitin wuta ba, don tana karkatar da harshen gaz ko ta kashe shi gaz na fita. Kanta a buɗe abin sha'awa ce a hoto, amma a watan Janairu kwana biyu sun isa kwanoni su yi fari fat. Kayan da amarya ke son a gani, kuloli da kwanonin gilashi, kuna yi musu ma'aji mai ƙofar gilashi. Ma'ajin sama yana farawa santimita 55 daga dakali, zurfinsa 35 don kada a buga goshi, kuma ba a rataye katako a saman wuta.

Mangaza ƙarama ce amma kun auna ta da buhu: na shinkafa mai kilo 25 ko 50, na hatsi mai kilo 100, a kan katako santimita 15 daga ƙasa, ba ya jingina da bango. Albasar Galmi da dankali a kanta mai raga inda iska ke ratsawa. Ƙasan ƙofa an sa mata faifan ƙarfe saboda kusu.

Ado kuwa ba ku raina shi ba, kun dai ajiye shi a ƙarshe. Karon bango mai haske mai santsi har mita 1 da santimita 60 don a goge mai da sauƙi, na ƙasa mai ɗan kaushi wanda ba ya zamewa in ya jiƙe. Mu masu sa karo mun ji daɗin yadda kuke zaɓar siminti mai ɗan duhu don cike tsakanin karo, saboda fari manja da tattasai suna rina shi cikin mako guda. Launi biyu, in ya yi yawa uku. Fitila ɗaya a tsakiyar rufi tana jefa inuwar mai yanka bisa wuƙarta, shi ya sa kuke ƙara doguwar fitila ƙarƙashin ma'ajin sama.

Roƙonmu ɗaya ne, Maigida. Takardar nan da kuke ba mu mai nuna inda tuyo da waya suka bi cikin bango, ku riƙa ba mai gida kwafinta, tare da hoton bangon kafin a yi yaɓe. Bayan shekara biyar wani zai zo da na'urar huda bango don rataye kanta, kuma ba lalle ne mu ne za mu kasance a wurin ba.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a hannun yaranka. A gaida mutanen atiliye duka.

Daga ƴan'uwanku masu gyaran famfo, masu haɗa wuta da masu sa karo,
Yamai.